Lissafi da Tawakkali: Zancen Goɗiya Mai Ciki

Jama'a, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu dawaki na ƙasar Ƙonni da Adar. Ana jin ta a kasuwar Birnin Ƙonni ran Laraba. Ana jin ta a kasuwar bisashe ta Badagishiri. Ana jin ta a gindin bedi cikin garuruwan Malbaza da Illela. Gardamar ita ce: in goɗiya ta ɗauki ciki, daidai ne mai ita ya zauna ya ƙidaya kwanaki, ya ce ga lokacin da za ta haihu? Ko kuwa wannan shisshigi ne cikin abin da ba nasa ba?

Masu ƙin lissafi ba wawaye ba ne. Sun ga abin da suka gani. Sun ga goɗiyar da aka yanka wa rana, ta wuce ranar da mako 3 tana cin ciyawarta. Sun ga wadda ta haihu tun ba a share barga ba. Malamai kuma sun karantar da mu cewa sanin abin da ke cikin mahaifa yana wurin Allah. Don haka sukan ce: "Ranar da Allah ya nufa za ta sauka, da ƙidaya da babu."

Maganarsu gaskiya ce. Amma ni a ganina guntuwa ce. Bari mu fara duba abin da lissafin ya sani, da wanda bai sani ba.

Kwana nawa ne?

Cikin goɗiya kwana 340 ne bisa tsaka-tsaki. Wata takan haihu a kwana 320, wata sai ta kai 360, kuma duka lafiya lau. Akwai ma wadda kan cika shekara guda cur. Akuya da tunkiya wata 5 suke yi. Saniya wata 9 da ƴan kwanaki. Jaka wajen shekara guda. Taguwa ta kusa wata 13. A cikinsu goɗiya tana daga masu wuyar sha'ani, don tsakanin mai saurin haihuwa da mai jinkiri akwai kwana 40. Dukushin da ya zo kafin kwana 320 bakwaini ne, sai an yi jinyarsa. Wanda ya zo kafin kwana 300 da wuya ya rayu.

Lissafin ba shi da wahala. A riƙe ranar barbara ta ƙarshe. A je wannan rana a shekara mai zuwa, a cire kwana 25. Ga misali: an kai goɗiya wurin ingarma ran 10 ga Yuli. To, tsakiyar lokacinta 15 ga Yuni ne na baɗi. Amma ƙofar tana buɗewa tun 26 ga Mayu, ba ta rufewa sai wajen 5 ga Yuli. In kuwa bayan mako 3 da barbara ta sāke neman namiji, ba ta ɗauka ba ke nan, sai a soke wannan lissafi a kama sabo.

Wanda ya fi sabawa da watan sama shi ma yana da hanya. Shekarar wata kwana 354 ce. Cikin goɗiya ya gaza ta da mako 2. Goɗiyar da aka yi wa barbara ran Sallar Layya, a sa ran haihuwarta mako 2 kafin Layya mai zuwa. Kowa ya taso yana jin ana cewa goɗiya wata 11 take yi. Ku lura da wani abu a nan. Wata 11 na sama kwana 325 ne. Wannan ba tsakiyar lokacin ba ne, farkonsa ne. Ashe wanda ya ƙidaya wata 11 bai gano ranar haihuwa ba. Abin da ya gano shi ne daren da ya kamata ya fara rage barci.

Nan ne zancen duka ya tsaya. Ba don a san ranar ake lissafi ba. Don a san lokacin shiri ake yin sa.

Kada mai karatu ya zaci ƙarancin kayan aiki ne ya hana mu sanin ranar. A Ingila da Faransa da Amurka akwai gidajen kiwon dawakin sukuwa masu dukiya mai yawa. Suna da na'urar da ke nuna ciki tun yana da mako 2. Suna auna nonon goɗiya don su ga ko haihuwa ta matso. A Ingila, kowane dokin sukuwa ana ƙara masa shekara ran 1 ga Janairu, ko a wane wata aka haife shi. Saboda haka masu kiwo sukan kunna wa goɗiyoyi fitila da dare cikin sanyi, don su nemi namiji da wuri. Duk da wannan dabara, in lokaci ya yi sai sun sa mai gadi ya kwana a barga, kamar yadda ake yi a Dogarawa ko Tajaye. Su ma ba su san daren ba. Dukushi ba ya gama nuna sai a ƴan kwanakin ƙarshe, kuma jikinsa ne ke ba jikin uwar alama. Shi ya sa likitoci ke tsoron yi wa goɗiya allurar tayar da naƙuda, sai in larura ta kama. Wanda aka fitar da ƙarfi kafin ya nuna, numfashi kan gagare shi.

To, in haka ne, mai tawakkali ya yi nasara ke nan? A'a.

Wa ya zaɓi ranar barbara?

Ranar haihuwa ba a hannunmu take ba. Amma ranar barbara fa? Ba goɗiya ce ta kwance kanta daga turke ba. Mai ita ne ya sa mata ragama, ya ja ta zuwa gidan mai ingarma. Wanda ya zaɓi ranar barbara, ya sani ko bai sani ba, ya zaɓi lokacin da dukushi zai faɗo duniya. Bai zaɓi daren ba, amma ya zaɓi watan.

A ƙasarmu kuwa wata da wata ba ɗaya ba ne. Mu koma ga misali. An yi barbara ran 10 ga Afrilu. Haihuwa za ta faɗo tsakiyar Maris. Uwa za ta shayar cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, daji ya zama fako, harawa ta ƙare a bisa rumfa, dussa ta yi tsada a kasuwa. Shayarwa kuma ta fi ciki cin jikin goɗiya. Ruwan da take sha ma ya kusa ninkawa. Mai wannan goɗiya, in bai tanadi abinci tun kaka ba, zai ga haƙarƙarinta a fili kafin ruwan farko ya sauka.

An yi barbara cikin Yuli, lokacin da ciyawa ta fito, bisashe suka murmure. Haihuwa za ta zo cikin Yuni. Shayarwa za ta dace da ɗanyar ciyawa, madalla. Amma watanni 3 na ƙarshen ciki sun faɗa cikin bazara. A waɗannan watanni ne ɗan cikin ke yin fiye da rabin girmansa. Nan ma sai da tanadi: harawar wake, ingirici, dussa, ɗan gero ko dawa, ƴaƴan gawo, gishiri da kanwa kaɗan.

An yi barbara cikin Oktoba. Haihuwa tsakiyar Satumba. Tsohon ciki ya sami ciyawar damina, shayarwa ta sami harawar kaka. Sai dai ga ƙuda, ga sauro, ga laka a barga.

Kowane lokaci da nasa nauyi. Ba na cewa ga wanda ya fi a kowane gida, don mai garka a fadamar Ƙonni ko Galmi yana samun ɗanyen haki da rani, wanda mai gonar tudu a Adar ba ya samu. Abin da nake cewa shi ne: nauyin nan ana iya ganin sa tun wata 11 kafin ya iso. Wanda aka ba wata 11 na gargaɗi, ya wayi gari ba ko dami ɗaya na harawa, da wane baki zai ce ƙaddara ce? Fari na 1973 da na 1984 sun kashe bisashen mai tanadi da marar tanadi. Wannan ita ce ƙaddara, ba mai ja. Amma bazara ba fari ba ce. Kowace shekara tana zuwa, kuma ba ta taɓa saɓa alkawari ba.

Manomi bai san ranar ruwan shuka ba. Duk da haka yana ƙidaya watanni har ya kai watan bakwai, ya gyara iri, ya yi sassabe, ya riƙa duban gabas. Ba wanda ya taɓa ce masa ya yi shisshigi. Malamai suna ba da labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah. Aka umurce shi ya ɗaure ta tukuna, sannan ya dogara. Ƙidayar kwanaki igiya ce irin wannan.

Akwai kuma ayyuka biyu da ba su yiwuwa sam sai da lissafi. Na farko, allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus. Dawaki suna daga bisashen da wannan cuta ta fi kamawa, kuma takan shiga dukushi ta cibiya. In aka yi wa uwa allura mako 4 zuwa 6 kafin haihuwa, kariyar tana taruwa cikin dakashi, ɗan ya sha. Na biyu, kai goɗiya wurin da za ta haihu wata guda kafin lokaci, don ta saba da shi, jikinta kuma ya haɗa kariya daga ƙwayoyin cutar wurin. Wanda bai riƙe ranar barbara ba, daga ina zai ƙidaya mako 6? Tsinke 11 a cikin tandu ya isa. Layi ɗaya a bangon ɗaki ko a bayan littafi ya fi.

Laifin mai lissafi

Kada mai lissafi ya yi dariya tukuna, shi ma yana da nasa. Akwai wanda in ya rubuta 15 ga Yuni, sai ya mai da takarda ta zama alƙali. Ran 1 ga Yuni ya tafi fatauci Illelar Najeriya ko Sakkwato, ya ce ai da saura. Ya dawo ya tarar an haihu, an kuma binne. Akwai wanda in rana ta wuce da kwana 10 sai hankalinsa ya tashi, ya shiga ɗura wa goɗiya jiƙe-jiƙe, ko ya nemo allura a kasuwa. Wannan ya fi marar lissafi ɓarna, don shi da hannunsa ya yi.

Takarda tana faɗin wata. Jikin goɗiya ne ke faɗin mako. Hantsa takan fara cika mako 2 zuwa 6 kafin haihuwa. Ciki ya sauka ƙasa. Naman da ke gefen gindin wutsiya ya saki, ya yi laushi. In saura kwana 1 zuwa 3, wani abu kamar kakin zuma yakan daskare a bakin nono, wani lokaci nono ya riƙa ɗiga. Amma mai cikin fari takan haihu ba tare da ta nuna komai sosai ba. In nono ya yi ta zuba kwana da kwanaki, a gaya wa malamin kiwo, don dakashi ne ke tsiyayewa a ƙasa. Mai ido da safe da maraice shi ke ganin waɗannan. Lissafi bai ɗauke wa kowa duba ba.

Minti 30

Yawancin goɗiyoyi da dare suke haihuwa, lokacin da gari ya yi tsit. Asalin doki naman daji ne da ake farauta, bai yarda da idon kowa ba a lokacin rauninsa. In aka taru a kanta da cocila da surutu, tana iya riƙe naƙudar farko har a watse. Alamunta su ne: ta ƙi natsuwa, ta yi gumi, ta riƙa waiwayar kwiɓinta, ta kwanta ta tashi kamar mai ciwon ciki. Wannan yakan ɗauki awa 1 zuwa 4.

Da faya ta fashe, zance ya sāke. Saniya tana iya daɗewa tana naƙuda, maraƙi ya fito da rai. Goɗiya ba haka take ba. Yunƙurinta da ƙarfi yake, mabiyiya kuma tana saurin rabuwa da mahaifa. Minti 20 zuwa 30 ne, ko a samu ko a rasa. Abin da ya kamata a gani shi ne farar jaka, cikinta ƙafafun gaba biyu, ɗaya ta ɗan riga ɗaya, tafin kofato yana duban ƙasa, sannan hanci a bisansu. In haka ne, a tsaya nesa, a yi shiru. In kai ya fito farar fatar tana rufe da hanci, a yage ta. In kuwa jar jaka mai kauri ce ta fara leƙowa ba tare da ruwa ya fashe ba, mabiyiya ce ta riga ɗa. A yage ta nan take, don dukushi ya rasa iska. In ƙafa ɗaya ce kawai, ko kai ba ƙafa, ko minti 20 ya wuce ba ci gaba, a tayar da goɗiya a riƙa zagayawa da ita, a kira wanda ya iya.

Wa za a kira? Akwai ma'aikatar kiwo a Birnin Ƙonni, da Illela, da Malbaza wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Amma ku auna da kanku: ƙarfe 2 na dare, cikin Agusta, Maggiya ta kawo ruwa, korama ta yanke hanya. Wane malami zai iso ƙauye cikin minti 30? Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun saura wata guda ake zuwa a gaishe shi, a karɓi lambar wayarsa, a roƙe shi ya nuna abin da hannu zai yi kafin ya iso. A san kuma dattijon da ya saba karɓar haihuwar bisashe a gari, a gaya masa ya kwana da shiri. Sabulu, ruwa mai tsabta, aidin, tsumma wankakke, fitila, busasshiyar shimfiɗa a wuri mai faɗi: duka a ajiye su wuri guda. A kwance mata dabaibayi. Goɗiya ba ta haihuwa lafiya a ɗaure gam a turke.

Abin mamaki, shirin nan duka, sau da yawa ƙarshensa zama ne kawai. Goɗiya takan haihu da kanta ba ta bukatar kowa. Mutum ya yi mako 3 yana tashi cikin dare, a ƙarshe aikinsa kallo. Wani zai ce wahalar banza. Ni ban ce ba. Wanda ya shirya shi ne ke iya zama shiru, don ya san abin da yake kallo. Marar shiri ne ke ruɗewa ya kama ƙafa ya yi ta ja, ya yaga uwa. Sanin lokacin da za a janye hannu, shi ma sani ne, kuma nan ne tawakkali na gaskiya yake da wurin zama.

Bayan an sauka, a bar cibiya ta tsinke da kanta in uwa ta miƙe, sannan a tsoma ta cikin aidin. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da kashin shanu. A riƙe 1, 2, 3: dukushi ya tsaya cikin awa 1, ya kama nono cikin awa 2, mabiyiya ta faɗo cikin awa 3. Kada a ja mabiyiya. A ƙulle ta sama don kada uwa ta taka. In ta faɗo a shimfiɗa ta a duba ko ta cika, don guntun da ya saura a ciki yana ruɓa, ya sa zazzaɓi da ciwon kofato, har ya kashe. Dakashi kuwa kada a tatse shi a zubar, kamar yadda wasu ke yi wai nono ne marar kyau. Dukushi yana fitowa ba shi da kariyar cuta ko kaɗan daga cikin uwa. Duka a dakashi take. Hanjinsa kuma yana karɓar ta ne a sa'o'in farko kawai. Bayan kwana guda ƙofa ta rufe.

Haƙƙin wadda ba ta magana

Bari in ɗan ratse. Ran Salla, in Sarkin Ƙonni ko Sarkin Adar na Illela ya hau, ingarma ake kallo. Shi ke da sirdi mai ado, shi maroƙa ke yi wa kirari. Babban mutum ba ya hawan goɗiya. Ana yabon ɗan Arewa, ana yabon bagazam na Abzin, ba a tambayar wace ce uwarsu, balle me ta ci da bazara. Yanzu kuma babur ya karɓe tafiye-tafiyen da doki ke yi a da, masu kiwon dawaki sun ragu. In goɗiyoyin ƙauye suka lalace, ingarman fada daga ina zai fito?

Wannan hujjar riba ce. Akwai wadda ta fi ta. Goɗiyar da ke daji tana zaɓar makiyayarta, ta zaɓi inda za ta kwanta. Tamu mun ɗaure ta. Ba ta cin sai abin da muka zuba, ba ta shan sai abin da muka ɗebo. Mun karɓe mata dabararta, saboda haka dabarar ta koma wuyanmu. Mai sa ta jan amalanke da kaya niƙi-niƙi a watanta na 10, ya ce ai bai san ta kusa ba, rashin sanin nan ba uzuri ba ne, shi ne laifin. Aiki marar nauyi da ɗan zagaye suna yi mata amfani har kusa da ƙarshe. Sukuwa da kaya masu nauyi ne ba ta so.

Saura abu guda. Kwana 7 zuwa 12 bayan haihuwa, goɗiya takan sāke neman namiji, masu ita da yawa kuma ba sa son wannan dama ta wuce. Kafin a ja ragama, a duba jikinta: ta sha wuya wajen haihuwa? Mabiyiya ta yi jinkiri? Haƙarƙari ya fito? In e, a bar ta. A kuma ɗauki alƙalami. Wadda ta haihu 15 ga Yuni, aka mai da ta ran 25, za ta sāke haihuwa wajen 31 ga Mayu. In aka maimaita, 16 ga Mayu. In aka ƙara, 1 ga Mayu, tsakiyar bazara. Kowace shekara tana ja da baya da mako 2. In kuwa aka tsallake wannan neman, aka jira na gaba, wajen 16 ga Yuli, haihuwa za ta faɗo 21 ga Yuni, a bakin damina.